Tambayi Likitan Fisiyo: Ciwon Gwiwar Hannu, Wuyan Hannu da Yatsu

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan hannu suke, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Likitocin sashen gashin ƙashi, wato fisiyo, da ke kula da wannan fili ne suka amsa. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, shekarata 44. Wata huɗu ke nan gwiwar hannuna ta dama tana mini ciwo ta gefen waje. Ɗaukar buta ma sai na cije baki, idan kuwa wani ya matse ni wurin gaisawa sai in ji har tsakiyar kai. An yi hoto an ce ƙashi lafiya lau. Na sha ƙwayoyi, na shafa man zafi har fata ta fara saɓa. Yanzu wani abokina ya ce in je a yi mini allura a wurin. Me kuka gani?
Wani kafinta, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hoton bai yi ƙarya ba. Ciwon yana jikin jijiyar tsoka ne, wato farar jijiyar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi, ita kuwa hoton ƙashi ba ya nuna ta. Tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu suna kwance a bayan sangalin hannu, kawunansu duk sun haɗu sun kama wani ɗan tudun ƙashi a gefen gwiwa ta waje. Sa yatsa a kan tudun ka ɗan gangaro, nan ne wurin da zai sa ka zabura. Duk lokacin da ka damƙi guduma ko zarto ko sukudireba, waɗannan tsokoki ne ke tokare wuyan hannu don kada ya lanƙwashe. Shi ya sa damƙa ce ke tayar maka da ciwon. Idan aiki ya fi ƙarfin jijiyar wata da watanni sai ta fara cinyewa, kamar igiyar guga a inda take gogar bakin rijiya. Ya fi kama masu shekara 35 zuwa 55.

Tunda ba kumburi ne ainihin matsalar ba, ƙwayoyin kashe zafi lallashi kawai suke yi, yawan shan su kuma yana taɓa ciki da ƙoda. Man zafi fata yake ɗumamawa. Ajiye hannun ɗungurungum ma ba ya warkarwa: zafin zai lafa, jijiyar ta ƙara rauni, ranar da ka koma aiki ya dawo sabo. Abin da ke gyara jijiyar tsoka shi ne a ɗora mata nauyi daidai ƙarfinta, ana ƙarawa sannu a hankali.

Sati biyun farko ka zauna ka shimfiɗa sangalin hannunka a kan tebur, tafi na kallon ƙasa, wuyan hannu ya ɗan zarce bakin teburin. Dunƙule hannun sako-sako, ka ɗora na hagu a bayansa. Tura na dama sama, na hagu ya hana shi tashi, ba tare da komai ya motsa ba. Rabin ƙarfinka za ka sa. Riƙe sakan 30 zuwa 45, ka huta minti ɗaya, ka maimaita sau 5, safe da yamma.

Daga nan sai ka koma ga nauyi. Gorar ruwa ta rabin lita rabin kilo ce, ta isa farawa. A zaman nan dai, riƙe gorar da hannun da ke ciwo, ka sa na hagu ya ɗaga maka wuyan hannun sama, sannan ka sake shi ka sauke gorar da na dama kaɗai, kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu kafin ta kai ƙasa. Saukewar nan a hankali ita ce aikin, wanda ya saki gorar ta faɗi da kanta bai yi komai ba. Sau 15, ka huta, ka sake, har zagaye uku, sau ɗaya a rana. Ranar da ka ga abin ya zama wasa, zubar da ruwan ka cika gorar da busasshen yashi, za ta kai kimanin giram 800. Haka za ka riƙa hawa har kilo 2. A sati na huɗu ka ƙara da gudumarka: matse gwiwa a jikin haƙarƙari, riƙe ƙotar daga tsakiya, ka kwantar da kan gudumar dama, ka kwantar da shi hagu, a hankali, sau 10. Yayin da ƙarfi ke dawowa sai ka riƙa matsawa zuwa ƙarshen ƙotar.

Za ka ji zafi kaɗan, ba laifi ba ne. Ma'aunin shi ne: idan mafi tsananin zafi 10 ne, kada na atisayen ya wuce 3, kuma kashegari da safe ya koma yadda yake. Idan ka wayi gari ya fi na jiya, nauyin ya yi yawa, rage shi, kada ka daina. A nan mafi yawan mutane ke ɓata abin, ko dai su zafafa kwana uku su tayar da ciwon, ko su watsar a sati na biyu don ba su ga canji ba. Canji na gaske sai tsakanin sati 6 zuwa 12.

A wurin aiki, ɗauki kaya tafi na kallon sama, gwiwa kusa da jiki. Naɗe ƙotar kayan aiki da robar tayar keke ta yi kauri, domin siririyar ƙota tana sa a ƙara matsewa. Ka riƙa wasa zarto da kurfi a kan lokaci. Idan ka samu bel ɗin da ake ɗaurawa don wannan ciwo, wurinsa faɗin yatsa biyu ƙasa da tudun ƙashin, lokacin aiki kawai.

Allurar kuwa, wato ta kashe kumburi da ake yi a wurin ciwon, ba mu ba ka shawararta yanzu. An gwada ta a Ostireliya, aka buga sakamakon a 2006: an raba marasa lafiya kashi uku, masu allura, masu atisayen fisiyo da waɗanda aka ce su jira. A sati na shida masu allura ne a gaba, amma mafi yawansu ciwon ya dawo musu, da shekara ta zagayo kuma su ne a baya.

Tambaya: Ina da ciki wata takwas. Kusan kullum da tsakar dare hannayena ke tashina, babban yatsa da biyun da ke kusa da shi su yi mindirya su sage, sai na yi ta yarfe hannun kafin ya saki. Da safe kofi ma yakan suɓuce mini. Surukata ta ce sanyi ne, in daina taɓa ruwa.
Wata 'yar'uwa, Maraɗi

Amsa: Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Ki gaya wa Mama cikin ladabi cewa ruwa ba shi da laifi a nan. A wuyan hannu, ta ɓangaren tafi, akwai wata ƙuntatacciyar hanya. Ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu ne suka yi mata ƙasa da gefe, wani tantani mai kauri ya rufe ta ta sama. Jijiyoyin tsoka guda 9 masu lanƙwasa yatsu suna bi ta cikinta, tare da jijiyar saƙo guda ɗaya, wadda ke kai ji ga babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin yatsan zobe. A ƙarshen ciki jiki na tara ruwa, hanyar kuma ba ta buɗewa, sai jijiyar saƙon ta matsu. Cikin barci wuyan hannu yakan naɗe, matsin ya ƙaru, shi ya sa abin ya fi zuwa da dare. Ki lura, ƙaramin yatsa ba ya cikin masu sagewar, domin jijiyarsa daban ce.

Babban maganinki maɗaurin wuyan hannu ne mai ƙarfe a ciki, irin wanda ake sayarwa a manyan kantunan magani, ki kwana da shi kullum. Sai dai yawancinsu ƙarfen ya zo a lanƙwashe, yana ɗaga hannu baya, wannan kuwa yana ƙara matsin. Zare ƙarfen a miƙe shi sosai a mayar, hannu da sangali su zama layi ɗaya. Kada ki ɗaure tamau, yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashinsa. Idan bai samu ba, naɗe ƙaramin tawul a wuyan hannun ya yi kauri, ki kewaye shi da bandeji sako-sako.

Da rana ki riƙa motsa yatsun ta siga uku: a miƙe su sambal, sannan a lanƙwasa gaɓoɓin sama biyu kaɗai su yi ƙugiya, sannan a dunƙule a hankali. Kowace siga sakan 3, sau 10, sau uku a rana. Ki guji matse ƙwallon roba da wasu ke ba da shawara, matsewa mai ƙarfi tana ƙara cunkoso a hanyar. Kada ki sha diclofenac ko ibuprofen daga yanzu har ki haihu, suna da haɗari ga jaririn.

Abu ɗaya kuma da ba a jira da shi: idan hannaye da fuska suka kumbura farat ɗaya, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, ki tafi wurin awo a ranar a auna jininki. Wannan ba maganar fisiyo ba ce, alamar hawan jinin masu ciki ce.

Yawanci abin yakan tafi cikin makonni ko 'yan watanni bayan haihuwa. Ga wanda yake da irin wannan ba tare da ciki ba, a gwada suga da tayirod, wato halittar gaban wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo. Idan kuma sagewar ta zama dare da rana, ko tudun naman da ke gindin babban yatsa ya fara zaizayewa, atisaye ya gama nasa, sai ƙaramar tiyata ta buɗe hanyar. Jinkiri a wannan matakin yana iya barin rauni na dindindin.

Tambaya: Wata uku da haihuwata. Gindin babban yatsana, daidai gefen wuyan hannu, yana mini suka duk lokacin da zan ɗauki yarinyar ko in matse wanki. An yi ta ja mini yatsan ana cewa targaɗe ne.
Mai jego, Katsina

Amsa: Barka da arziki, Allah ya raya. A daina jan yatsan. Wannan ciwo sananne ne ga masu jego, ana kiransa da sunan likitan Suwizalan da ya bayyana shi a 1895, de Quervain. Jijiyoyin tsoka biyu masu buɗe babban yatsa suna wucewa ta wani matsattsen kube a gefen wuyan hannu. Idan kuben ya yi kauri sai su riƙa gogarsa. Ki sa babban yatsa cikin tafi ki rufe shi da sauran, ki karkata hannun a hankali zuwa wajen ƙaramin yatsa. Idan sukan ya taso nan take fiye da na ɗaya hannun, shi ne.

Abin da ke ciyar da shi gaba shi ne ɗaukar jariri ta hammata, babban yatsa a buɗe, wuyan hannu a karkace, sau da yawa a yini. Canza ɗauka: zura hannu ɗaya ƙarƙashin mazaunanta, ɗaya a bayanta da wuyanta, yatsu biyar a haɗe, nauyin ya sauka a sangalin hannu. Wurin shayarwa sa matashin kai ya ɗauki nauyin kanta. Matsar wanki da tuƙin tuwo a nemi mai taimako na ɗan lokaci. Maɗaurin da ya dace shi ne wanda ya haɗa wuyan hannu da babban yatsa, ya bar kan yatsan a waje, a sa shi sati 4 zuwa 6, ana cirewa wurin wanka da alwala. Ƙanƙara a cikin tsumma minti 10 tana rage zafin bayan aiki. Idan sati shida ya wuce babu sauƙi, a nan kam allurar da likita ke yi cikin kuben tana aiki sosai, saɓanin abin da muka gaya wa Malam kafinta.

Tambaya: Ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye daidai saman gwiwar hannu. An sa masa siminti a asibiti, an cire sati uku da suka wuce, amma hannun ba ya miƙewa sosai, ba ya kuma kai wa baki da kyau. Kakarsa tana gasa masa da ruwan zafi tana ja yana kuka, an kuma ce a riƙa ba shi bokitin ruwa ya ɗauka don hannun ya miƙe. Mu ci gaba?
Mahaifin yaro, Gusau

Amsa: Malam, a tsayar da ja da bokitin tun yau. Mun san kakar ƙauna ce ta sa ta, amma gwiwar hannu ba ta son dole. Akwai tsoka da ke kwance a gaban gaɓar, manne da ƙashin da ya karye. Idan aka ja ta da ƙarfi sai ta yayyage ta zubar da jini a ciki, jinin nan kuma yana iya rikiɗewa ya zama ƙashi a cikin nama. Idan haka ta faru gwiwar takan ƙage, wani lokaci har sai da tiyata. Bokiti ma akasin abin da ake nema yake yi, domin da yaro ya ji nauyi sai tsokar ta ƙanƙame don ta kare gaɓar.

Wannan ita ce karayar gwiwar hannu da ta fi yawa ga yara masu shekarunsa, kuma mafi yawansu motsin yana dawowa da kansa. Kaso mafi girma yakan dawo a watanni biyu zuwa uku na farko, ragowar ya ci gaba da zuwa har shekara. Abin da ake so shi ne yaron ya motsa hannun da ƙarfin kansa, iya inda ya ga zai iya. Ku bar shi ya ci abinci da hannun, ya sa hula ya cire, ya shafa kansa, ya yi rubutu a allo da aka jingine a bango sama da kafaɗarsa, ya gangara ƙwallo a ƙasa ya miƙa hannu ya tare. Ruwa mai ɗumi, wanda babba zai iya barin hannunsa a ciki, minti 10 kafin wasan, yana taimakawa. Babu tausa a kan gwiwar. Hawan bishiya, kokawa da ƙwallon ƙafa su jira izinin likitan ƙashi.

Ku riƙa aunawa kowace Juma'a don hankalinku ya kwanta. Ya kwanta rigingine ya shimfiɗa hannun a tabarma, tafi na kallon sama, ku ga yatsu nawa ke shiga tsakanin bayan wuyan hannunsa da tabarmar. Sannan ya lanƙwasa, ku ga tazarar da ta rage tsakanin yatsunsa da kafaɗa. Muddin tazarar na raguwa ana kan hanya. Ko da 'yan digiri sun rage a ƙarshe, motsin gwiwar daga digiri 30 zuwa 130 na lanƙwasawa ya wadatar da kusan duk ayyukan yau da kullum.

Ku koma asibiti idan sati uku ko huɗu suka wuce awon bai motsa ba, ko kuka ji wani tauri kamar ƙullutu a gaban gwiwar, ko ya kasa haɗa kan babban yatsa da manuni su yi zobe, ko wuyan hannun na faɗuwa. Haka nan idan hannun ya miƙe kuka ga ya karkace zuwa jiki, ƙashin ne ya haɗe a karkace, fisiyo ba ya gyara wannan, sai likitan ƙashi ya duba. Manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano suna da likitocin ƙashi da sashen fisiyo a wuri ɗaya.

Ga sauran iyaye: irin wannan karayar ce ta fi haɗari a hannun mai ɗori, domin babbar jijiyar jini tana wucewa daidai bakin ƙashin da ya karye. Idan aka ɗaure da kara tamau, hannu ya kumbura, yaro na ihu in an miƙe masa yatsu, ko yatsun sun yi sanyi sun canza launi, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a lokacin. Awoyi kaɗan sun isa tsoka ta mutu.

Tambaya: Ni direban doguwar tafiya ne. Ƙaramin yatsana na hagu da rabin na kusa da shi suna sagewa, musamman in na daɗe a mota.
Direba, Kano

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malam. Hannun hagu na direba shi ne mai hawa kan taga. Jijiyar saƙon waɗannan yatsu biyu tana bi ta wani ɗan kwari a bayan gwiwar hannu ta gefen ciki, fata kaɗai ke rufe da ita, ita ce ke ba da girgizar nan in mutum ya bugi gwiwarsa. Jingina ta a kan ƙarfe yana danne ta, lanƙwasa gwiwa sosai kuma yana ɗame ta. Sauke hannun daga taga, ka matsar da kujera yadda gwiwa za ta ɗan miƙe, ka daina doguwar waya da hannu a kunne. Da dare naɗe tawul a gwiwar ka ɗaure sako-sako don kada ta naɗe cikin barci. Ba shi sati 6. Idan naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya fara lotsawa, ko yatsun biyu suka fara ƙanƙancewa, ko makulli na gagarar murɗawa, sai gwajin jijiya. Ka kuma duba jikinka: tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, tare da irin wannan sagewa, yana iya zama farkon kuturta. Tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne.

Tambaya: Na faɗi a babur na dafa ƙasa da tafi. Hoto bai nuna karaya ba, amma kwana goma ke nan gindin babban yatsana na ciwo. In fara motsa shi?
Wani matashi, Kaduna

Amsa: Kada ka fara tukuna, ɗan'uwa. Ɗaga babban yatsanka sama, za ka ga ɗan rami a gindinsa ta bayan hannu. Idan danna ramin na da zafi, akwai wani ƙaramin ƙashi a ƙarƙashinsa da yakan tsage bai fito a hoton farko ba, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Jini ba ya isar ɓangarensa ɗaya sosai, don haka in ba a tsare shi da siminti ba yakan ƙi haɗewa, ya jawo lalacewar gaɓar bayan shekaru. Koma a sake hoton wannan satin, ka gaya musu daidai inda ke ciwo, ka ajiye babur ɗin kafin nan.

Tambaya: Mahaifiyata mai shekara 63 ta zame a banɗaki ta karye a wuyan hannu. An cire siminti bayan sati shida, hannun ya sandare, yatsun ma ba sa dunƙulewa.
'Yarta, Sakkwato

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya. Sandarewa bayan sati shida a siminti abu ne da aka saba gani, sai dai a fara da yatsun, don su ne ke saurin ƙagewa. Ta tsoma hannun a ruwa mai ɗumi minti 10, ta riƙa dunƙulewa da buɗewa a ciki, burin shi ne kan yatsu ya taɓa tafi. Sannan ta ɗora hannun a bakin tebur ta ɗaga shi sama ta sauke ƙasa sau 10. Ta haɗa tafukanta biyu a gaban ƙirji ta sauke su a hankali har ta ji ɗamewa, ta riƙe sakan 20. Ta matse gwiwa a haƙarƙari ta juya tafi sama, irin na mai karɓar canji, ta juya ƙasa. Juyawa sama ita ce ta fi wuyar dawowa, kuma in ba a matse gwiwar ba kafaɗa ce za ta yi aikin. Sau huɗu a rana kaɗan-kaɗan ya fi zama ɗaya mai tsawo. Ta riƙa ɗaga hannun sama da kai sau 10 safe da yamma, saboda kafaɗar tsofaffi takan ƙage a irin wannan lokaci. Jan carbi da tsince wake atisaye ne mai kyau. Ɗaukar abu mai nauyi ya jira kimanin wata uku daga ranar karayar.

Idan hannun na zafi kamar ƙuna, fata na sheƙi, launi ko gumi ya bambanta da ɗaya hannun, ko taɓin mayafi ma yana mata ciwo, ku kai ta sashen fisiyo da wuri, kada a matsa mata da ja. Ku kuma roƙi likita ya duba ƙarfin ƙashinta. Macen da ta daina al'ada ta karye daga faɗuwar tsaye kawai, akwai yiwuwar ƙashinta ya yi rauni, kuma akwai maganin da ke rage haɗarin karayar ƙugu nan gaba. Kafin nan a sa mata abin dafawa a banɗakin, a kuma shimfiɗa abin da zai hana santsi.